Yadda ake shigar da gyara cikin Pillow, da yadda sabuwar siga ke fitowa

Duk wanda ya taɓa rage girman hoto da Python, ko ya buga sunayen mutane ɗari a kan katin gayyata ta hanyar kod, da wuya bai bi ta kan Pillow ba, ko da bai san sunanta ba. Ita ce laburaren da ke buɗe hoto, ta yanka, ta juya, ta yi rubutu a kai, ta adana. Asalinta PIL ce, wadda Fredrik Lundh ɗan ƙasar Suwidin ya fara a 1995. Sigar PIL ta ƙarshe, 1.1.7, ta fito a 2009, daga nan aiki ya tsaya. A 2010 Alex Clark ya ɗauki kod ɗin ya ci gaba da shi da sunan Pillow. Shi ya sa har gobe za ka girka da `pip install pillow` amma a cikin kod ka rubuta `import PIL`.

Na ɗauki Pillow a matsayin misali ne don ƙa'idojinta a rubuce suke, kowa na iya karantawa, kuma ranakun fitar da sigarta tsayayyu ne kamar ranar kasuwa. Wanda ya iya bin hanyarta ba zai sha wuya da sauran laburarorin hoto ba.

Kafin ka ce ka gano matsala

Bari in fara da abin da ya same ni. Na taɓa haɗa katunan walima da ɗan gajeren kod, sai duk inda aka sami ɓ ko ɗ ko ƙ wani ɗan akwati ya fito a madadin harafin. "Ɗanladi" ya koma akwati da "anladi". Har na fara rubuta ƙorafi cewa laburaren ba ta san Hausa ba, sai na ce bari dai in canza fonti in gani. Ina sa DejaVu Sans, haruffa suka fito ras. Ashe fontin da na ɗauko ne ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Da na aika ƙorafin nan, da na ɓata wa mutane lokaci, na kuma ji kunya a banza.

Saboda haka matakin farko shi ne ka tankaɗe matsalar har ta koma layi biyar ko shida da kowa zai iya gwadawa a kwamfutarsa:

```python
from PIL import Image, ImageDraw, ImageFont

hoto = Image.new("RGB", (400, 80), "white")
fonti = ImageFont.truetype("DejaVuSans.ttf", 32)
ImageDraw.Draw(hoto).text((10, 20), "ɓera ƙaho ɗaki", font=fonti, fill="black")
hoto.save("gwaji.png")
```

Idan matsalar a cikin Django ko wani babban tsari ta bayyana maka, cire shi gaba ɗaya, ka ga ko tana nan da Pillow kaɗai. Sau da yawa a nan ake gane cewa ba ita ce mai laifin ba.

Idan tana nan, duba ƙorafe-ƙorafen da aka riga aka shigar a ma'ajiyar `python-pillow/Pillow` a GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin ana aiki a kai tare, har da waɗanda aka rufe. In babu irin naka, ka buɗe sabo ka amsa tambayoyi huɗu da suke yi wa kowa: me ka yi, me ka yi tsammanin gani, me ka gani, kuma wace sigar Python da Pillow kake amfani da ita. Na ƙarshen ba sai ka wahala ba. Umarnin `python3 -m PIL --report` zai zayyano sigar Pillow da ta sauran laburarorin da ke ƙarƙashinta, ka kwafa ka manna. Sannan ka haɗa da hoton da ya jawo matsalar. Wasu hotunan GitHub kan taɓa su ko ya ƙi karɓarsu, don haka in abin ya shafi ainihin cikin fayil ɗin, ka sa shi a zip kafin ka ɗora. Ƙorafin hoto ba tare da hoton ba kamar zuwa wurin tela ne kana kwatanta masa yagewar riga da baki, rigar tana gida.

Akwai abu ɗaya da ba a kai shi wannan dandalin. In ka sami hoton da ke sa Pillow ta faɗi warwas, ko ta karanta abin da ke wajen iyakar memorin da aka ware mata, to wannan ɓarakar tsaro ce. A ɓoye ake kai ta, ta hanyar da fayil ɗin `SECURITY.md` ya nuna. Ka wallafa ta a fili, ka ba ɓarayi mabuɗi kenan kafin mai gida ya canza kwaɗo.

Shirya wurin aiki

Danna maɓallin `Fork` a GitHub don ka sami kwafin ma'ajiyar a ƙarƙashin sunanka, sannan ka sauko da shi. Ma'ajiyar tana da nauyi saboda hotunan gwaji da tarihin shekaru, don haka in data kake lallaɓawa, ga dabara:

```
git clone --filter=blob:none https://github.com/SUNANKA/Pillow.git
cd Pillow
git remote add upstream https://github.com/python-pillow/Pillow.git
```

Wannan `--filter` yana kawo jerin tarihin ba tare da tsofaffin fayiloli ba, sai ranar da ka nemi ɗaya ya ɗauko maka.

Ga inda sababbin shiga suka fi tuntuɓe. Pillow ba Python zalla ba ce. Nauyin aikin da harshen C aka rubuta shi, yana cikin `src/libImaging` da fayiloli irin su `src/_imaging.c`, kuma ya jingina da wasu laburarori na waje. Biyu daga ciki ana buƙatarsu kai tsaye in ba ka kashe su da gangan ba: libjpeg da zlib. Sauran zaɓi ne: FreeType don rubutu, libtiff, libwebp, LittleCMS don daidaita launi, OpenJPEG, da Raqm. A Ubuntu ko Debian:

```
sudo apt install build-essential python3-dev python3-venv \
  libjpeg-dev zlib1g-dev libtiff-dev libfreetype6-dev \
  liblcms2-dev libwebp-dev libharfbuzz-dev libfribidi-dev libraqm-dev
python3 -m venv venv
source venv/bin/activate
python3 -m pip install -e ".[tests]"
python3 selftest.py
```

Ukun ƙarshe a jerin laburarorin nan sun shafe mu sosai. Raqm, tare da HarfBuzz da FriBiDi, su ne ke sa rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu ya fito daidai, haruffa su haɗu da juna yadda ya kamata. In babu su, ka rubuta Ajami ko Larabci, haruffan za su fito ɗaya-ɗaya a warware, kuma a juye. Don ka tabbatar an gina su ciki, gwada `from PIL import features` sannan `features.check("raqm")`. In ya ce `False`, duk gwaje-gwajen wannan ɓangaren za a tsallake su shiru, kai kuma kana ganin komai lafiya.

Kada ka taɓa komai tukuna. Fara gudanar da gwajin duka a kan kod ɗin yadda ka same shi:

```
python3 -m pytest Tests
```

Zai ɗauki ɗan lokaci, ka tabbata akwai caji a kwamfutar. Amfaninsa shi ne ka san waɗanne gwaje-gwaje ne ke faɗuwa ko ake tsallakewa a na'urarka tun kafin ka sa hannu, kada gobe ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba. Kuma ka riƙe wannan: in fayil ɗin Python ka gyara, canjin zai kama nan take, amma in C ka taɓa, sai ka sake gudanar da `pip install -e .` ya sake gini. Mutane da yawa sun kwana suna mamakin me ya hana gyaransu aiki, alhali tsohon gini suke gwadawa.

Reshe ɗaya, magana ɗaya

```
git fetch upstream
git checkout -b gyara-rubutun-rtl upstream/main
```

Daga `main`, wato babban layin kod ɗin, ake yanko reshe, layin aikinka na gefe, kuma can gyara ke komawa. Kowane reshe ya ɗauki magana ɗaya. In kana cikin gyaran PNG ka hango wani kuskure a TIFF, rubuta shi a gefe, ka buɗe masa nasa reshen daga baya. Haka kuma ƙa'idar aikin ta ce a raba kwamit (ƙullin canjin da ka adana a git) ɗin da ya canza aikin kod da wanda ya gyara tsarin rubutu kawai. Dalilin a fili yake: mai dubawa ɗan sa-kai ne da ya zauna bayan ya tashi daga nasa aikin. In ka cakuɗa layi uku na gyaran gaske cikin layi ɗari biyu na matsar da waƙafi, ka sa shi tsintar tsakuwa a shinkafa.

Neman wurin gyara ba wuya. Kowane nau'in hoto yana da fayil nasa a `src/PIL`: `PngImagePlugin.py`, `JpegImagePlugin.py`, `GifImagePlugin.py`, haka dai. Rubutu yana `ImageFont.py` da `ImageDraw.py`, ƙasansu kuma `src/_imagingft.c`. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara daga ɓangaren Python. Kuskure a can yakan tsaya a saƙon kuskure. Kuskure a C kuwa yana iya zama kafar da wani zai bi da hoton bogi ya shiga sabar mutane, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinsu, domin Pillow tana karɓar hotuna daga hannun baƙi a dubban shafuka. Wannan tsoron ne ya sa aka sa iyakar `Image.MAX_IMAGE_PIXELS`, wajen piksel miliyan 89: hoton da ya wuce haka za a yi gargaɗi, wanda ya ninka ta biyu a ƙi buɗe shi, saboda ana iya ƙera ɗan ƙaramin fayil da in aka warware shi zai cinye memorin na'ura kaf. Duk sanda kake karanta tsawo ko faɗi ko adadi daga cikin fayil, ka ɗauka mai fayil ɗin ƙarya yake yi har sai ka auna.

Gwaji: gani ya kori ji

Nan ne laburaren hoto ta bambanta da sauran manhajoji, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. A wani aikin, gwaji shi ne a ce biyu da biyu huɗu. A nan amsar hoto ce, hoto kuma ba ya fitowa iri ɗaya sak a kowace na'ura.

A `Tests/helper.py` akwai kayan aikin da za ka riƙa amfani da su kullum. `hopper()` yana ba ka ɗan hoto mai piksel 128 a 128 na Grace Hopper, ɗaya daga cikin magabatan ilimin kwamfuta, wanda shi ne hoton gwajin gidan. `assert_image_equal` yana buƙatar hotuna biyu su zo daidai piksel da piksel. `assert_image_similar` kuwa yana ba da ɗan rangwame: kai za ka faɗi matsakaicin bambancin da ka yarda da shi a kan kowane piksel.

Yaushe ake amfani da wanne? In aikin lissafi ne tsantsa, kamar juya hoto ko adana PNG a sake buɗewa, babu dalilin rangwame, dole su zo daidai. Amma JPEG yana zubar da wani abu duk sanda aka adana, kuma rubutu ya dogara da sigar FreeType da ke kan na'urar, wadda ke iya canza inuwar gefen harafi kaɗan. A irin waɗannan sai rangwame. A ce ka gyara wani abu a rubutun dama zuwa hagu, gwajinka zai yi kama da wannan, a cikin `Tests/test_imagefontctl.py`:

```python
def test_ajami_rtl() -> None:
    font = ImageFont.truetype("Tests/fonts/DejaVuSans/DejaVuSans.ttf", 40)
    im = Image.new("RGB", (300, 100))
    draw = ImageDraw.Draw(im)
    draw.text((10, 10), "هَوْسَ", font=font, fill="white", direction="rtl")

    assert_image_similar_tofile(im, "Tests/images/test_ajami_rtl.png", 0.5)
```

Lambar nan ta ƙarshe, 0.5, ita ce ma'aunin gaskiyarka. Jarabar da ke kama kowa ita ce in gwaji ya faɗi a Windows, sai a ɗaga ta zuwa 5, ya sake faɗi a ɗaga zuwa 20, har ya wuce. To ka duba hoton: baƙin fili ne da 'yan haruffa farare a tsakiya. In ka buɗe rangwamen da yawa, ko wasali ya ɓace gaba ɗaya gwajin zai ce lafiya lau. Ka sa mafi ƙanƙantar lambar da ke wucewa a duk na'urori, kuma ka matse hoton ya zama rubutun ne ya cika shi.

Hoton da ake aunawa da shi, `test_ajami_rtl.png`, kai za ka samar da shi da kod ɗinka da ka gyara. Don haka buɗe shi ka kalla da idonka kafin ka saka. Kwamfuta ba ta san ko fataha ta hau kan harafin da ya dace ba. Ita dai ta san ya yi daidai da abin da ka ba ta. In ka adana kuskure a matsayin abin koyi, ka kafa masa mai gadi kenan, duk wanda ya zo gyarawa nan gaba gwajinka zai tare shi.

Sai a tabbatar gwajin yana kama abin da aka ce yana kamawa. Hanyar mai sauƙi ce: janye gyaranka na ɗan lokaci ka bar gwajin, ka gudanar. Ya kamata ya faɗi. Mayar da gyaran, ya kamata ya wuce. Gwajin da ke wucewa ko da gyara ko babu, ado ne kawai.

Game da hotunan gwaji kuma, abu biyu. Su zama ƙanana, domin duk wanda zai sauko da ma'ajiyar har abada zai ɗauki nauyinsu. Sannan su zama kana da ikon bayar da su. Hoton da ka tsinta a intanet ba naka ba ne, fonti ma haka. Wanda ka ƙirƙira da kanka ya fi kwanciyar hankali. In kuma daga wayarka ka ɗauka, ka tuna bayanan EXIF, waɗanda waya ke ɓoyewa cikin fayil ɗin hoto, na iya ɗauke da wurin da ka tsaya ka ɗauke shi, wato ƙofar gidanku.

Tsafta da takardu

Ba sai ka haddace dokokin tsarin rubutu ba, akwai mai yi maka:

```
python3 -m pip install pre-commit
pre-commit install
pre-commit run --all-files
```

Zai bi da Black da Ruff da sauransu ya daidaita abin da ya karkace. Sabon kod kuma ana sa masa alamun nau'i, irin `-> None` da ka gani a sama, domin ana duba su da mypy.

In sabon abu ka ƙara, ka rubuta bayaninsa a `docs/reference`, tare da layin `.. versionadded::` da lambar sigar da za ta fito. Sannan ka buɗe fayil ɗin siga mai zuwa a `docs/releasenotes` ka ƙara sakin layi a ƙarƙashin sashen da ya dace: tsaro, abin da aka daina, abin da aka ƙara, ko sauran canje-canje. Da Ingilishi ake rubuta duk wannan, har da sunayen gwaji da saƙon kwamit. Kada wannan ya tsorata ka. Masu aikin daga ƙasashe daban-daban suke, gajeren Turanci mai ma'ana ya wadatar, in akwai gyara za su nuna maka.

Aikawa da jira

```
git add -p
git add Tests/images/test_ajami_rtl.png
git commit -m "Fix mark placement in RTL text"
git push origin gyara-rubutun-rtl
```

Daga nan GitHub zai nuna maka maɓallin buɗe `Pull request`, wato buƙatar a haɗe reshenka da `main`. A bayanin, faɗi matsalar, faɗi abin da ka canza, in akwai lambar ƙorafi ka rubuta `Fixes #` da lambar, don ya rufu da kansa ranar da aka haɗe. Ka manna hoto biyu, na kafin gyara da na bayansa. Ba abin da ke saurin gamsar da mai dubawa kamar wannan.

Kana aikawa, GitHub Actions zai kama gwada kod ɗinka a Linux da macOS da Windows, a kan sigogin Python daban-daban, Codecov kuma ya nuna layukan da gwajinka bai taka ba. In ka ga ja, buɗe ka karanta. Wani lokacin laifinka ne, wani lokacin wata saba ce ta yi tutsu wajen sauko da kaya. In ka duba ka ga bai shafi gyaranka ba, faɗi haka a taƙaice.

Sai jira. Yana iya zama kwana ɗaya, yana iya zama makonni. In an ce ka canza abu, canza a kan reshen nan ka sake turawa, ba sai ka buɗe sabuwar buƙata ba. In ba ka yarda da gyaran da aka ba ka ba, kawo hujja da kod ko hoto. Kuma ka shirya jin "a'a", musamman in sabon abu ka kawo. Ba ƙiyayya ba ce. Kai za ka ƙara abin ka tafi, su ne za su yi ta goyonsa shekara da shekaru.

Abin da ba a cirewa dare ɗaya

Wannan ƙa'idar ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce gadar da ke tsakanin mai gyara da mai fitar da siga. Ba a goge wani suna ko aiki da mutane ke amfani da shi kai tsaye. Ana fara sa masa gargaɗi ta hanyar `deprecate()` da ke `src/PIL/_deprecate.py`, a rubuta shi a `docs/deprecations.rst` tare da abin da zai maye gurbinsa, a bar shi aƙalla shekara guda, sannan a cire a babbar siga.

Ko da an bi wannan, ana jin jiki. `Image.ANTIALIAS` an sa masa gargaɗi a siga 9.1.0 cikin Afrilun 2022, aka cire shi a 10.0.0 ranar 1 ga Yulin 2023. Duk da wata goma sha biyar na gargaɗi, manhajoji da yawa sun karye a lokacin, domin masu su ba su karanta gargaɗin ba. Maganin kuwa kalma ɗaya ce, a rubuta `Image.LANCZOS`. Haka `textsize` ya tafi a sigar nan, `textbbox` ya gaje shi. To in mai sanarwa ya yi wannan ɓarnar, ka ƙiyasta wanda aka cire ba sallama.

Ranar fitar da siga

Pillow tana fitowa sau huɗu a shekara: 2 ga Janairu, 1 ga Afrilu, 1 ga Yuli, da 15 ga Oktoba. Ta Oktoba an ja ta zuwa tsakiyar wata ne saboda a farkon watan sabon Python ke fitowa. Python 3.13 ya fito 7 ga Oktoban 2024, Pillow 11.0.0 ta biyo shi ranar 15, ta karɓe shi, ta kuma sallami Python 3.8 da wa'adinsa ya ƙare. Ni ina ganin wannan tsarin ya fi na "sai mun shirya". Motar tana tashi a kan lokaci, gyaran da bai kammala ba ya jira ta gaba, wata uku ne kawai, ba wanda zai tura ɗanyen aiki don tsoron a bar shi shekara.

Lambar siga kashi uku ce, kamar 10.1.0. Ta tsakiya tana ƙaruwa a fitowar kowane wata uku. Ta farko tana ƙaruwa in an cire abin da aka daina ko an sallami tsohon Python. Ta ƙarshe ta gyaran gaggawa ce.

Matakan suna cikin `RELEASING.md`, kuma ko ba kai ke da mabuɗin ba, saninsu zai amfane ka ranar da ka fitar da taka laburaren. Ana fara buɗe tikiti na musamman a GitHub da jerin abubuwan da za a yi, kowa na gani ana tsinke su ɗaya bayan ɗaya. A tabbatar duk gwaje-gwajen `main` kore ne, har da na ginin ƙunshin da ake rabawa. A karanta takardar bayanin sigar daga sama har ƙasa. Sannan a buɗe `src/PIL/_version.py` a cire wutsiyar `.dev0`, misali `11.0.0.dev0` ya koma `11.0.0`, bisa tsarin lambobi na PEP 440.

Daga nan a gudanar da `make release-test`, amma a sabon kwafin ma'ajiya da aka sauko da shi yanzu, ba a wanda ake aiki ciki kullum ba. Wannan sharaɗin ba ƙa'idar banza ba ce. Kwamfutar mai aiki cike take da ragowar tsofaffin gini da fayilolin da ya manta bai saka a git ba. Komai zai yi aiki a wurinsa, ya ƙi a wurin duniya. In ya wuce, sai reshe da tambari, wato alamar da ake liƙa wa kwamit ɗin sigar a git:

```
git branch 11.0.x
git tag 11.0.0
git push origin 11.0.x
git push --tags
```

Tura tambarin shi ke tayar da injin gini. GitHub Actions, ta hanyar cibuildwheel, zai gina ƙunshin da ake kira wheel ga kowane haɗin Python da na'ura: Windows, macOS na Intel da na Apple, Linux iri-iri. Su ne dalilin da ya sa `pip install pillow` ke gamawa cikin daƙiƙoƙi ba tare da ka girka libjpeg ko na'urar fassara C ba, domin an riga an dafa komai an ƙunshe ciki. Daga nan a ɗora su a PyPI, rumbun da `pip` ke ɗauko laburarori daga ciki, tare da ƙunshin ainihin kod. A nan babu gyaran fuska: PyPI ba ya yarda a sake ɗora fayil da sunan da aka taɓa amfani da shi, ko da an goge na farkon. In an yi kuskure, sai dai a janye sigar a fitar da wata da sabuwar lamba. Shi ya sa ake duba komai kafin tambari, ba bayansa ba.

Waɗannan ƙunshe-ƙunshen suna da nasu nauyin. Tunda laburarorin C na wasu suna cikinsu, ɓarakar wani ta zama taka. A Satumban 2023 aka gano mummunar kafa a libwebp, mai lamba CVE-2023-4863 a rajistar ɓarakar tsaro. Kuskuren ba a kod ɗin Pillow yake ba, amma duk wanda ya girka wheel ɗinta yana ɗauke da libwebp mai kafar. Sai da aka fitar da 10.0.1 a watan, ɗauke da libwebp 1.3.2, ba a jira Oktoba ba.

Irin wannan fitowar gaggawa tana da nata tsarin. Ana fara yin gyaran a `main` kamar kullum, sannan a koma reshen sigar da ke hannun mutane a tsinko wannan kwamit ɗin shi kaɗai:

```
git checkout 10.0.x
git cherry-pick LAMBAR_KWAMIT
```

A ɗaga lambar ƙarshe, a sake `make release-test`, a buga tambari. Ba a cusa sabon abu a nan ko da ya yi kyau, domin mai sabuntawa daga 10.0.0 zuwa 10.0.1 ya yarda ne cewa ba abin da zai canza masa sai toshe kafar. In kuma ɓarakar a kod ɗin Pillow take kuma mai tsanani ce, ana shirya gyaran a ɓoye, a aika wa masu rarraba Linux su shirya nasu, a sa lambar CVE a saƙon kwamit, sai ranar da aka yi alkawari a tura komai fili lokaci guda.

Bayan babbar siga ta hau PyPI, saura 'yan ƙananan abubuwa: a wallafa bayaninta a shafin GitHub, a duba cewa takardun da ke Read the Docs sun koma kan sabuwar lamba, a sanar da jama'a. Yana da kyau kuma a buɗe sabon `venv` a wata na'ura, a girka daga PyPI kamar baƙo, a buɗe hoto ɗaya a gani. Sai a koma `main`, a buɗe `_version.py`, `11.0.0` ya zama `11.1.0.dev0`, a ƙirƙiri sabon fayil a `docs/releasenotes` don siga mai zuwa. In gyaranka bai samu shiga wannan karon ba, a cikin wannan fayil ɗin za ka mayar da sakin layinka, ka canza lambar da ke gaban `versionadded`, ka yi `git rebase upstream/main`, ka sake turawa kafin 2 ga Janairu.